Kamun kifi da ƙwaron gashi: yaya ake jefa abin da ba shi da nauyi?

Duk wanda ya taɓa riƙa fatsa ya san wahalar neman koto, wato abin da ake soka wa ƙugiya don kifi ya haɗiya. Da damina tana tana ko'ina. Amma in rani ya tsaya, ƙasa ta bushe, sai mutum ya yi ta tono a bakin tabki kafin ya samu ta cika gwangwani guda. In ya samu ma, rana na kashe ta, ƙananan kifaye na tsattsage ta tun babba bai iso ba. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masunta da suka daɗe da raba gari da wannan wahala. Su kotonsu ba ya mutuwa, ba ya ruɓewa, domin da gashin tsuntsu da zare suke ɗaura shi a jikin ƙugiya, ya fito kamar ƙwaro. Turawa na kiransa ƙuda, kowa da harshensa. Mu a nan za mu ce masa ƙwaron gashi.

Dubarar ba sabuwa ba ce. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, wani marubuci na birnin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin masuntan ƙasar Masedoniya, a arewacin Girka ta yau. Ya ce sukan naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashi biyu na ƙarƙashin haɓar zakara masu launin kakin zuma, su saukar bisa ruwa, kifi mai dabbare-dabbare ya taso ya cafka. Sandarsu ba ta kai metir 2 ba, zaren ma tsawonsa ke nan. Wato kifin da ke gab da ƙafarsu kaɗai suke iya kamawa. Tun daga wancan zamani har yau tambayar ɗaya ce: yaya za a kai wannan ɗan gashi can nesa, inda kifi ke kiwo hankali kwance?

Matsalar nauyi

Ɗauki tsakuwa ka jefa, za ta yi nisa. Ɗauki gashin kaza ka jefa da dukan ƙarfinka, a gabanka zai faɗi. Yaron da ke korar tsuntsaye a gona da majajjawa ya san wannan tun bai shiga lakwal ba. Ƙwaron gashi ƙarami bai kai nauyin ƙwayar wake guda ba, da ƙugiyarsa da kome. Saboda haka ba ya jefuwa sai an ara masa nauyi daga wani wuri.

Hanya ta farko da Turawa suka bi ita ce su sa nauyin a cikin zaren kansa. Suna da wani zare mai kauri wanda aka lulluɓe da roba, da sanda ta musamman mai lanƙwasa. Masunci na kaɗa zaren gaba da baya cikin iska kamar bulala, har ya miƙe, ya ɗauki ƙwaron ya kai shi. Zaren ma lamba gare shi: mai lamba 5, wanda aka fi amfani da shi, metir 9 na farkonsa na da nauyin garam 9. Wannan sana'a ce mai kyaun kallo, amma kayanta na da tsada, koyonta na ɗaukar lokaci, kuma tana bukatar fili a bayan mutum. In akwai itace ko gaɓa mai tsawo a bayanka, zaren can zai sarƙe.

Hanya ta biyu ita ce wadda muke magana a kai yau. A nan zaren siriri ne na nilon, ba shi da nauyin a zo a gani. Abin da aka ɗaura a bakinsa shi ke tashi ya ja zaren ya bi shi, kamar yadda guga ke jan igiya zuwa cikin rijiya. Sandar tana da zobba a jikinta inda zaren ke bi, kuma a gindinta akwai wata ƴar na'ura mai hannu da ke tara zaren. Faransawa na ce mata muline. Mu ce mata manaɗi.

Manaɗi iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu na da amfani. Iri na farko, kwarkwaronsa, wato inda zaren ke naɗe, ba ya juyawa lokacin jifa. Yana tsaye yana fuskantar gaba, zaren na zamewa daga bakinsa zobe-zobe. Wani mutumin Bradford ta Ingila, mai suna Alfred Illingworth, wanda gidansu masu masaƙar ulu ne, shi ya yi rajistar irin wannan a 1905. Bai bazu sosai ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da wani kamfani na garin Cluses, a duwatsun gabashin Faransa, ya fitar da Mitchell 300 a 1948. Ya zo daidai da zamanin nilon, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, ya kuma soma sayar da shi zaren fatsa a 1939. Manaɗi mai tsayayyen kwarkwaro da zaren nilon, su biyu suka sa jifa mai nisa ya zama abin da kowa zai iya koyo cikin yini guda.

Iri na biyu ya girmi na farko. Masu gyaran agogo na jihar Kentaki ta Amurka suka ƙware da ƙera shi tun farkon ƙarni na 19, aka fi tunawa da George Snyder cikinsu. Shi kwarkwaronsa a gicciye yake bisa sanda, kuma shi kansa ke juyawa in an yi jifa. Dole abin da aka jefa ya zama mai nauyin da zai tayar da kwarkwaron. Kuma in abin ya rage gudu cikin iska alhali kwarkwaron na ta gudu, sai zaren ya cukurkuɗe ya zama kamar sheƙar tsuntsu. Masunci na taka masa birki da babban yatsa. Wannan manaɗi na da ƙarfi wajen jan babban kifi, amma ba ya son abu marar nauyi ko kaɗan. Ga mai son jefa ƙwaron gashi, na farko ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Wanda na biyu kaɗai gare shi, ya ƙara nauyi, kada ya gaza garam 15 ko 20, kuma kada ya jefa yana fuskantar iska.

Ƴar gorar ruwa

To, wane nauyi za a ɗaura? In an sa darma ko ƙarfe, jifa zai yi nisa, amma da faɗawa ruwa sai ya nutse ya ja ƙwaron zuwa cikin laka, alhali kifin da ake nema yana sama. In an sa toton kara ko wani abu mai yawo bisa ruwa, ba ya nutsewa, amma ba shi da nauyi. Ana son abu mai nauyi cikin iska, marar nauyi cikin ruwa. Wane abu ne haka? Ruwa kansa.

Nan dubarar take. An ƙera wata ƴar gora ta roba mai haske kamar gilashi, girman ƙwan zabo ko ƙasa da haka, da ƴan kafofi masu marfi. A Faransa ana ce mata buldo, ma'ana kumfan ruwa. Masunci na buɗe marfin ya ɗura mata ruwa gwargwadon bukata. Litar ruwa kilo guda ce, saboda haka ɗan ruwan da ke shiga ƴar gora kan kai garam 10, ko 20, ko 30, bisa ga girmanta. Cikin iska tsakuwa ce. Amma da ta faɗa tabki, ruwan da ke cikinta ya daina yi mata nauyi, tun da ruwa ba ya nutsewa cikin ruwa. In rabi aka cika, iskar da ta rage na riƙe ta a sama. In an cika ta fal, sai ta tsaya daidai fuskar ruwa ko ta dinga sauka sannu-sannu. Da hannunka kake zaɓen zurfin da ƙwaronka zai yi kiwo, ba tare da ka kwance ƙulli ko ɗaya ba.

A tabkunan kan dutse na yammacin Amurka, da na duwatsun Pirene da Alpes a Faransa, da manyan tabkunan Sikotilan, da wannan ƴar gora mutane da yawa ke kama wani kifin ruwan sanyi da Faransawa ke kira turuit. Kifi ne mai kaifin ido, mai yawan cin ƙwari, kuma ba ya rayuwa cikin ruwa mai ɗumi irin namu: in zafin ruwa ya wuce digiri 20 ya soma galabaita. A waɗannan tabkuna sau da yawa kifin na tasowa can tsakiya. Mai kaɗa zare mai kauri galibi metir 15 zuwa 20 yake kaiwa. Mai ƴar gora kuwa na kai metir 30 ko fiye, yana tsaye, ko da akwai kurmi a bayansa. Ƴan Italiya sun ƙera tasu mai doguwar wutsiya wadda ake kira bombarda, tana tafiya cikin iska kamar kibiya, masuntan bakin tekun Danmak ma sun karɓe ta.

Yadda ake haɗa kayan

Ana zura babban zaren cikin ƴar gora, ko a ɗaura shi a kunnenta, bisa ga ƙirarta. A bayanta ana sa wata ƴar mahaɗa ta ƙarfe mai jujjuyawa, don kada zaren ya murɗe. Daga mahaɗar sai a ƙulla wani zare dabam, wanda ya fi babban siranta, tsawon metir ɗaya da rabi zuwa 2. A ƙarshensa ƙwaron yake. Dalilin tsawon shi ne a nisanta ƙwaron daga inda ƴar gora ke faɗuwa da ƙara. Dalilin sirantar biyu ne: kifi ba ya ganinsa sosai, kuma in ƙugiya ta maƙale a itace, shi ke tsinkewa, ƴar gora ta dawo gida. Kauri na milimetir 0,25 ga babban zare da 0,18 ga ƙaramin ya wadatar ga kifi matsakaici. Wasu na ƙara ƙwaro na biyu a wani ɗan reshe tsakanin gora da na ƙarshe. Mai koyo ya haƙura da guda har hannunsa ya faɗa, domin biyu sun fi saurin sarƙewa.

Jifan ba na ƙarfi ba ne. Ana kai sanda baya sannu, a bari zaren ya rataya, sannan a turo ta gaba da lallashi, kamar mai watsa iri. Ga wani ɗan sirri da ke raba gwani da ɗan koyo: gab da ƴar gora za ta taɓa ruwa, sai a tare zaren da yatsa a bakin kwarkwaro. Gorar ta tsaya, ƙwaron da ke biye ya wuce ta ya miƙe a gabanta. In ba a yi haka ba, duka su faɗi wuri guda a dunƙule, mutum ya yi ta jira ga ƙugiyar da ta naɗe a jikin gora.

Bayan faɗuwa kada a yi gaggawa. A bari zobban ruwan su lafa. Kifin da ƙarar ta kora na dawowa ya duba. Daga nan a soma juya hannun manaɗi sannu ƙwarai, yadda ƴar gora za ta bar ɗan sawu kaɗan a bayanta. A ja, a tsaya, a ja. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sauri. Ƙwaro na gaske da ya faɗa ruwa ba ya gudu kamar jirgi mai inji, fafutuka yake yi a wuri guda. In gorar ta yi baya, ko ka ga ruwa ya murɗa a bayanta, ɗaga sanda kawai. Kifi ba ya daɗewa da gashi a baki: da ya ji ba nama ba ne sai ya tofar, don haka idonka ya zauna kan gorar. Amma fizga mai ƙarfi na tsinke siririn zare.

A kogi mai gudu akwai wata hanya. Ana barin ƴar gora, a matse ƴan ƙwayoyin nauyi a zaren sama da ƙwaron, a jefa sama da inda ake zaton kifi, ruwa ya gangaro da shi kusa da ƙasa. Wannan na kwaikwayon ƴaƴan ƙwarin ruwa, waɗanda ke yin watanni, wasu shekara ko fiye, a ƙarƙashin duwatsu kafin su yi fiffike su tashi. Galibin abincin kifi can ƙasa yake cinsa, abin da muke gani a sama kaɗan ne. Wasu kuma na ɗaura ƙwaron a bayan wani ƙarfe mai walƙiya kamar cokali, ya zama kamar ƙaramin kifi na bin abinci.

Ɗaura ƙwaro da hannunka

Wannan shi ne ɓangaren da ba ya cin kuɗi. Ana bukatar ƙugiya, da zaren ɗinki mai ƙarfi, da ɗan ulu, da gashin tsuntsu. Ku lura, lambar ƙugiya a juye take: in lamba ta hau, ƙugiya ta ƙanƙance. Lamba 10 zuwa 14 su ne na ƙananan ƙwari. A kafa ƙugiyar a jikin itace ko a riƙe ta da filaya. A naɗa zare daga wajen idonta zuwa inda ta soma lanƙwasa. A ɗaura bakin ulu a nan, a naɗo shi gaba ya zama cikin ƙwaro, a tsaya kafin ido. Sai a ɗauko gashi guda mai taushi, a ɗaura shi ta tsininsa, a kewaya ƙugiyar da shi sau biyu, silin gashin su bazu kamar ƙafafu. A ƙulle, a ɗiga gam kaɗan. Shi ke nan. Gashin da yawa ba ya ƙara kyau, marar yawa ya fi motsi cikin ruwa.

Abin da zai ba ku mamaki, gashin wuyan zakara da gashin zabo mai ɗige-ɗige, waɗanda muke sharewa mu zubar bayan an fige, a kantunan kayan su na Turai cikin ƴan ledoji ake sayar da su. Ba dole ba ne ƙwaron ya yi kama da wani ƙwaro tak. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a duniya, Woolly Bugger, wanda Russell Blessing ya ɗaura a jihar Pensilbaniya a 1967, dunƙulen ulu ne da gashi da wutsiya mai laushi. Kifi na ɗaukarsa matsattsaku, ko ɗan kifi, ko tsutsa. Girma da motsi sun fi launi muhimmanci.

Ko zai yi aiki a ruwanmu?

A nan sai an faɗi gaskiya. Ƙwaron gashi ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano. Kifin da ke farauta da ido kaɗai yake ruɗa, kuma sai cikin ruwan da ido ke gani. Tarwaɗa da gashin bakinta take lalube cikin laka, ita a bar ta da tana da hanjin kaza. Karfasa galibi gansakuka da ƙananan tsiron ruwa take ci, ba kullum take kula ƙwaro ba. Amma kawara da shemani masu cin ƙwarin da ke faɗowa bisa ruwa ne. Duk wanda ya ga yadda ruwa ke tafasa da kifi ranar da shinge ya tashi bayan ruwan farko ya san haka. Tsage da giwan ruwa kuwa mafarauta ne, suna bin dogon gashi fari mai kama da ɗan kifi. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi masu kamun kifi don nishaɗi sun kama su duka biyu da ƙwaron gashi. Sai dai haƙoran tsage na yanke nilon kamar reza. Mai nemansa ya sa ɗan guntun waya siririya, kamar taƙi guda, kafin ƙugiya.

Lokaci ma na da nasa. A Yamai, cikin watan Agusta da Satumba kogin Isa ja wur yake da laka, wadda ruwan damina ke kwasowa daga ƙoramu. Ƙwaron gashi ba shi da aiki a lokacin. Sai cikin sanyi, in ruwan da ya taso daga duwatsun Gine ya iso, kogin ya washe. Haka tabkuna: bayan damina, in laka ta kwanta, da sassafe ko gab da faɗuwar rana.

Kuma kada wani ya sayar da tarunsa. Wannan kamun ɗai-ɗai ne, na miyar gida, ba na cika kwando a kai kasuwa ba. Amfaninsa shi ne mutum na zaɓe: ƙaramin da bai isa ci ba a cire masa ƙugiya a mayar da shi, domin ƙwaron gashi a leɓe yake kamawa, ba kasafai ake haɗiye shi ba. Kafin a soma, a tambayi sarkin ruwa da ma'aikatan kula da gandun daji da ruwaye abin da doka ta ce game da izinin su a wurin. A Turai da Amurka ma kowane ruwa da ƙa'idarsa: wani an yarda da ƙwaron gashi a kowace irin sanda, wani an hana ƴar gora sam.

Ta fannin lafiya

Babbar riba ga lafiya ita ce jifa mai nisa na barin masunci a kan tudu. Tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini, ba shan ruwa ne babbar hanyarta ba. Ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani ne ke fitowa daga jikin ƴan katantanwar ruwa, su huda fatar wanda ya shiga. Sun fi yawa a ruwa marar gudu mai ciyawa, daidai inda mai fatsa ke tsayawa har gwiwa. Wanda ya rage shiga ya rage haɗari, ko da yake bai kuɓuta gaba ɗaya ba tun da hannu na taɓa ruwa. Ƴar gorar ma ana iya ɗura ta da ruwan butarka tun daga gida. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je gidan likita, akwai ƙwayar magani mai suna farazikantel.

Darma guba ce, musamman ga yara da mata masu ciki. Kada a matse ta da haƙori kamar yadda masunta da yawa suka saba, kuma kada a narka ta a tukunyar abinci ko cikin ɗaki. Tun 1987 Ingila ta hana amfani da ƙananan darmar fatsa, bayan an ga tana kashe manyan tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta. Ƴar gora ta fi ta nan ma, tun da nauyinta ruwa ne.

Saura ƙugiya. Abin da ke tashi cikin iska da zare metir 2 a bayansa na iya kama kunne ko ido. A waiwaya kafin kowane jifa, yara su tsaya nesa ta gefen hannun da ba ya jifa. A sa malafa, da tabarau in akwai. A matse ƴar ƙayar nan ta bakin ƙugiya da filaya ta kwanta: kifi ba ya kuɓucewa muddin zaren na miƙe, kuma in ta shiga yatsa tana fita yadda ta shiga. In mai ƙaya ta nutse cikin nama, ko ta taɓa ido, kada a ja ta. A yanke zaren, a rufe wurin da tsumma mai tsabta, a tafi gidan likita, a kuma gaya musu yaushe rabonka da allurar rigakafin tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora.